Koren Kafet ɗin Maman Edna

Duk wanda ya taɓa zaman biki ko makoki tsakanin Jimeta da cikin garin Yola ya zauna a kan kafet ɗin Fibi Absalom, ko da bai san sunanta ba. A unguwarsu ta Gwadabawa, Maman Edna ake ce mata. 'Yar Ganye ce. Ta biyo mijinta Absalom zuwa Jimeta a shekarar da Gongola ta koma Adamawa, shi yana tuƙi a wata ma'aikata, ita tana suyar ƙosai. Da ya rasu, ta ɗauki kuɗin sallamarsa ta sayi kafet huɗu ta fara ba da su haya. Yau goma sha huɗu ne jere a shagon ƙofar gidanta.

Ba wani sirri a sana'ar sai tsabta, kuma Fibi tana da hanyarta. A rataya kafet a katanga a bubbuge shi da sanda, a shimfiɗa, a yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, a bi shi da tsintsiyar kwakwa sau biyu, sannan a bar wa rana. Akwai kore guda ɗaya da ba a ci a kansa, ba a taka shi da takalmi. Na malamai ne. Ita Kirista ce, amma ta san a nan mutane ke kafa goshi, kuma saboda wannan koren ne Gogo Huseina, dattijuwar da duk hidimar danginta a cikin garin Yola ta hannunta take bi, ta shekara ashirin ba ta ɗauki kafet wurin kowa ba. Inda Gogo ta ɗauka kuwa, nan matan unguwarsu ke ɗauka.

'Yarta Edna, malamar makaranta, ita ta janyo fitinar. Wata Asabar da hantsi, cikin zafin watan huɗu, ta shigo da Jerry mai shagon kayan lantarki, yana rungume da kwali.

"Mama, bayanki ya gaji da sunkuyo. Ki bari inji ya yi."

Jerry, wanda mace da namiji duk "ka" ne a bakinsa, ya zaro abin. "Mama, wannan ba irin na dā mai jaka ba ne. Ka ga kwalban nan? Duk dattin da ya sha, da idonka za ka gani."

"Nawa?"

Ya faɗa.

"Yesu! Tsintsiya ka kawo mini ko maraƙi?"

"Ka kawo kafet da ya fi duka tsabta, mu gwada. In bai samu komai ba, in tafi da kayana."

Fibi ta yi dariyar wadda ta san kanta. Ta ɗauko koren da hannunta ta shimfiɗa a baranda. Jiya-jiya ta share shi. Ana cikin neman soket sai ga Keke Napep ya sauke Gogo Huseina, ta zo kama kafet na sunan jikarta ranar Alhamis.

"Jabbama, Gogo! Zauna ki ga yaro zai ji kunya."

Injin ya kama kuka. Jerry ya ja shi sau ɗaya daga gefe zuwa gefe, ya dawo. Kwalbar da ke garai-garai ta fara yin duhu. Wani abu toka-toka yana juyawa a ciki kamar ana tuƙa tuwo. Da ya kashe, sai ya ɗaga ta sama yana murmushi, kamar ya ci kofi.

Fibi ta matso. Gashi ne da fari, cukurkuɗe da zaren kitso. Sai tuƙar goro da ta bushe ta koma gari, ƙayar kifi, fukafukan kyankyaso, wata tsohuwar filasta da aka ɓare daga ciwon wani, har yanzu da tabon a jiki. A ƙasa kuma baƙaƙen ƙwayoyi kamar shinkafa. Ba sai an gaya wa kowa kashin ɓera ne ba.

Fibi ta kau da kai. Ta tofar da miyau gefe.

Gogo ta ja mayafi ta rufe hanci. "Maman Edna, wannan abu daga cikin koren ya fito?"

"Gogo, jiya na..."

"Goshin Modibbo, babban malaminmu, a nan? Goshina a nan?" Ta shafa goshin nata da bakin mayafi, ta duba mayafin. "Subhanallahi. Ni ban ce kin yi da gangan ba. Amma Laraba zan dawo. A ja abin nan a gabana, in ga kwalba fari. In ba haka ba, in nemi tabarma."

Ta fita ba ta ko sha ruwan da aka kawo mata ba. Jerry ya fara naɗe waya a hankali, yana satar kallon Fibi.

"Ajiye shi," ta ce. "Allah ya isa tsakanina da kai, ajiye shi."

Ranar Litinin aka kawo wuta da sassafe. Fibi ta fitar da kafet shida. Hannunta ya yi abin da ya saba yi shekara talatin: ya ɗebi ruwa a kwano ya yayyafa. Wa ke shara ba yayyafi? Ta ja injin. Ya sha na farko, ya sha na biyu, a na uku ya fara gurnani kamar akuyar da ta haɗiyi leda. Sai aka ɗauke wuta. Ta tura shi lungun shago ta rufe.

Washegari da rana wutar ta dawo. Shagon kwano ne, ya kwana ya wuni yana gasa abin. Tana latsa maɓalli, injin ya busa mata wani wari a fuska, warin kwata da aka tone haɗe da ruɓaɓɓen kifin bakin kogi. Maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga.

"Maman Edna, mushe ne a gidanki?"

Abin da ke cikin kwalbar ya zama kunu, baƙi, mai kauri, gashi na yawo a kai. Ta juya kwalbar tana neman inda ake buɗewa, yatsanta ya taɓa wani jan abu, gindin ya wangale. Duka a kan ƙafafunta, har cikin silifa. Abin da ya maƙale kuma sai da ta sa hannu ta zaƙulo shi, tana kakarin amai, tana kiran sunan Jerry da na kakanninsa.

Ta buga masa waya.

"Mama, ka zuba ruwa? Haba! Wa ya ce ka zuba ruwa?"

"Wa ya ce kar in zuba? Ka taɓa ganin an yi shara a bushe, ɗan banza?"

"Ruwa ba ya cikin garanti o. Ka cire soson ciki ka wanke, ka shanya."

Ta wanke, ta shanya, ta wanke hannunta da omo har fatar ta yi fari. Ranar ko tuwo ta kasa ci, da cokali ta sha koko. Da soson ya bushe ta ari janareto, ta bi koren sau tara a bushe, tana zubar da kwalbar a bayan gida da ƙyalle ɗaure a hanci.

Laraba Gogo ta zo da ƙawayenta biyu, shaidu. Aka ja injin. Gogo ta karɓi kwalbar, ta ɗaga ta saitin rana, ta jijjiga. Ɗan gari-gari ne kawai, bai cika cokali ba.

"To, useko, na gode. A kai guda shida."

Da a nan aka tsaya, da Gogo ta ci. Amma Juma'a da aka dawo da kafet, Fibi ba ta taɓa su ba. Ta aika a ce wa Gogo ta zo, akwai abin da aka manta. Gogo ta iso da saurinta, a zatonta ɗan kunne ne.

Fibi ta nuna mata kwalbar, wankakkiya tas. Ta shimfiɗa jan kafet ɗin da manyan mata suka zauna a kai, ta ja injin sau biyu, ta miƙa mata.

"Shekaranjiya kin ga kwalbar nan fari, Gogo. Wannan ba na gidana ba ne. Na baƙinki ne, na wuni ɗaya."

Shinkafa ce da maiƙo, tuƙar goro ɗanya, audugar kunne, ƙashin kaza da aka tauna aka tura ƙarƙashi. A sama kuma, zaune daram, yankakkun faratan ƙafa guda uku, masu kauri, jajir da lalle.

Gogo ta daɗe tana kallonsu. Sannan a hankali ta ja zaninta ya rufe yatsun ƙafarta.

"Mutane ba su da kirki, Maman Edna," ta ce. "Wata mai zuwa akwai walima. Ki ajiye mini takwas."

Har yau Gogo wurinta take ɗauka, kuma ba ta sake cewa a nuna mata kwalba ba. Fibi kuwa ta daina cin abinci a ƙasa, ko a gidan biki sai an nemo mata kujera. In wata ta tambaye ta ko injin ya cancanci kuɗinsa, sai ta yamutsa fuska ta dubi hannunta na dama.

"Yana aiki, ban hana shi ba. Amma in za ki saya, 'yar'uwa, nemi mai jaka. Ki ɗaure bakinta ki jefar, kar ki leƙa."