Haruffa Biyu da Muryar Kaka

"Wai babu komai a ciki," in ji Goggo Rabi, ta miƙo min filashin ajiye fayiloli idonta jawur. Muryar marigayiya Kaka aka ɗauka a ciki, tana koya mana kwaɓin gurasa. Tun da aka kai shi wani shagon kwamfuta komai ya ɓace.

Na jona shi a kwamfutata, na buɗe baƙin allon ba da umarni, na rubuta ls, wato umarnin nuna abin da ke ciki. Sai ga sunayen fayiloli reras! Ashe bairos ne ya ɓoye su.

Ina kunna na farko muka ji Kaka tana faɗan an cika gishiri. Goggo ta ƙyalƙyale da dariya.

"Haruffa biyu kacal? Su ka yi shekara huɗu kana koya a jami'a?"

"Su ne, Goggo."

"To wallahi karatunka bai tashi a banza ba."

Ku fa, muryar wa kuke marmarin sake ji?