Sangen da Na Yanka Gida Bakwai

Shekarar da ruwa ya dawo bayan fari, tafkin Madarumfa ya cika har ya taɓo gindin itatuwan da muka saba yin shanya a ƙarƙashinsu. Gero ya yi kyau, kifi ya dawo kasuwa, kowa ya saki fuska. Sauro ma ya dawo, kuma da ƙarfinsa. Tun rana ba ta gama faɗuwa ba sai ya taso daga bakin ruwa, ba abin da kake ji a unguwa sai tafi, kowa na marin jikinsa.

Lokacin shekarata biyu da aure, daga Safo aka kawo ni, ina goyon ɗan fari mai wata bakwai. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane. In ya yi kuka sai ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne, har wani ya ce ta ɗauke shi. Ni kuwa na iya wannan kunya sosai, har uwar mijina, da muke kira Inna, tana yabona da ita. "Yaron nan" nake cewa, ko in nuna shi da baki.

Abu ɗaya nake da shi da ba kowa ke da shi ba: gidan sauro, wanda muke cewa sange. Maigidana ya kawo shi daga cin rani a Najeriya, fari tas, na zaren auduga. A cikinsa nake kwana da yaron. A duk layinmu babu na biyunsa, saboda haka matan unguwa suka sa mini suna matar kumandan, wato matar babban mai mulkin yankinmu. In na je rijiya sai wata ta ce, "Ku ba matar kumandan wuri, kar guga shi ɓata mata hannu." Ina dariya da su, amma abin yana cina. Baƙuwa ce ni, ina so a ɗauke ni 'yar gida.

Wata safiya mai shela ya zaga gari: 'yan feshi za su zo daga Maraɗi, a rufe abinci da randunan ruwa, a buɗe ɗakuna. Da la'asar sakaliya kamyo, wato babbar mota, ya tsaya, mutum uku suka sauko, ɗaya ya rataya wani inji mai ruri a kafaɗa. Ya shiga layi yana aman farin hayaƙi mai warin gazuwal, man manyan motoci, har ba ka ganin dangar gidan da ke gabanka. Mu dama hayaƙi muka sani maganin sauro, kashin shanu da ɗanyen ganye muke ƙonawa. To yau ga hayaƙin gwamnati, wa zai yi musu? Na ga mata da fayafai suna fifita shi cikin ɗakunansu don kada ya wuce su.

Gaskiya ba zan ci amanar hayaƙin nan ba, abin da ya tarar ya kashe. Washegari da na yi shara, sauro da ƙuda da kyankyasai na tara a bakin ƙofa. Kwana uku muka yi muna cin tuwon magariba a tsakar gida ba wanda ya mari ƙafarsa. Inna har cewa ta yi ta manta haka duniya take.

Kuma ba zan ce ba a gaya mini ba. Mai injin nan, wani dattijo da tsumma ɗaure a hanci, idanunsa sun yi ja, a ƙofarmu ya tsaya neman ruwan sha ranar feshin. Da na miƙa masa kwano, ya hango sangena a kan igiya.

"Ɗiyata, sangen ga naki ne?"

"Nawa ne, Baba."

"To kar ki naɗe shi. Hayaƙin ga, mai tashi sama kaɗai shi ka kashewa." Ya nuna kududdufin bayan gidanmu da haɓa. "Na cikin ruwa ko labarinmu ba su ji ba. Mako guda, in ya yi yawa, za ki gan su."

Na ce, "To, Baba." A raina na ce dattijon kirki ne, ba ya son yabon aikinsa.

Rana ta huɗu maƙwabciyata mai sai da koko ta shigo. Ita ce ma ta ƙaga mini sunan nan. Matacinta ya yage, ga ƙyalle ya yi wuya tun shekarun fari. Ta murza gefen sangen tsakanin yatsunta.

"Matar kumandan, tunda sauro ya ƙare, mi za ki yi da labule? Wanga ai matacin gasara ne, Allah Ya tsare shi bisa igiya."

Ban san lokacin da na ce, "Yaya, bari in yanka maki" ba.

Almakashi a gidan matar fasto yake. Kirista ne da suka zo daga Maraɗi, tana da keken ɗinki, kusan duk rigunan yaran unguwa ita ke yi. Da ta ji abin da zan yanka, ta riƙe almakashin ba ta sake ba.

"Ƙanwata, ki bari mako shi cika mana."

Na ce na riga na yi alkawari. Ta sakar mini.

Kafin azahar labari ya zaga, na yanka sangen gida bakwai. Shida suka fita unguwa, Inna ta ɗauki ɗaya. Ran nan a rijiya har guga aka miƙo mini, ana ce mini 'yar albarka. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin raina. Da maigida ya dawo daga tafki ya ga igiyoyi huɗu suna reto ba komai, sai ya ce, "Ai naki ne," ya fita. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Juma'a ba ta zagayo ba sauro ya dawo, kamar ba a taɓa yin feshi ba. Na koma ƙona kashin shanu, ina lulluɓe yaron da zane yana turewa. Bayan kamar mako biyu, wata safiya ya ƙi nono. Jikinsa zau, kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Inna ce ta goya shi zuwa gidan likita, ni ina biye a baya kamar 'yar rakiya, don bai kamata a ga uwar ɗan fari tana rawar jiki ba. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya yi masa allurar kinin, ya buɗe idonsa ya duba, ya kalli cizon da ya cika masa fuska.

"Ba ku da sange?"

Inna ta dube ni, na dubi ƙasa.

"Wannan karon za shi tashi, in Allah Ya so," in ji majo. "Amma jininshi ya yi ƙasa. In zazzaɓin ga ya sake kama shi yanzu, ban yi maku alkawari ba."

A kasuwarmu ba a sai da sange, maigida kuma ba zai ƙetara Najeriya ba sai an gama girbi. Sange ɗaya na sani a duniya, yana gida bakwai yana tace gasara. Kyauta kuwa ba a zuwa karɓo ta, wanda ya yi haka har jikokinsa sai an yi wa gori. Inna ta wanke nata ta ajiye mini a kan gado, ta ce ita za ta je ta roƙo sauran. Na ce a'a, ni na yanka.

Da gidan mai koko na fara. Na tarar da ita tana tata da ƙyallen. Na gaishe ta, na tambayi yara, na tambayi kasuwa, na rasa sauran abin tambaya.

"Yaya, kan ƙyallen nan na zo."

Ta yi shewa. "Au, kyautar ta tashi? Matar kumandan ta tuna gidanta!"

Na buɗe baki in ce yaron nan ba shi da lafiya, sai wata magana ta fito.

"Yaya, ɗana ne. Ɗana zai mutu, ni na jawo mashi."

Sai kuka, a tsaye, gaban 'ya'yanta da masu sayen koko. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta juye dusar da ke cikin ƙyallen, ta ɗauraye shi, ta matse, ta yafa zanenta ta kama hannuna. Sauran gidajen biyar ita ta yi magana. Tun daga zaure take ɗaga murya: "Ku hito da sangen ɗiyan mutane, ku koma tata da tsumma kamar uwayenku!" Ba wadda ta ɓata rai. A gida na ƙarshe ne aka fito da ɗan guntu kamar tafin hannu, akuya ta ji ƙanshin gasara ta cinye sauran.

Matar fasto ba ta ce "ai na gaya maki" ba. Ta shimfiɗa guda shidan a tabarma, ta auna giɓin, ta shiga ɗaki ta fito da farin ɗankwalin da take zuwa coci da shi ran Lahadi. Na ce kada ta yi. Ta ce, "Allah Ya san kaina ko da baƙin kallabi." Kafin magariba keken ya yi shiru.

Sangen ya tsuke, ga ɗinki ya ci gefe, ga wanki ya ja shi. Yana rufe yaron da rabin jikina, ƙafafuna a waje sauro yana biki da su. Duk wankin da na yi tsamin gasara bai fita ba. A cikinsa yaron ya warware, a cikinsa aka yaye shi.

Da 'yan feshi suka dawo wata daminar, na buɗe ɗakina kamar kowa, na ji daɗin kwana ukun da suka ba mu, sange kuwa yana rataye a wurinsa. Dattijon bai zo ba, wani ne ya rataya injin. Na so ya zo, ko don in ce masa, Baba, ka faɗa.

Yau yaron furfura ta cika masa gemu. Yakan zolaye ni wai shi ya sa in ya ji ƙanshin koko barci ke kama shi. Har yanzu ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba zan fara da tsufana ba. Amma "yaron nan" a gidan mai koko na bar shi. Tun daga ranar, ko gaban wa, ɗana nake cewa.