Uwale dillaliya da sarƙar Sharifa

Duk Dakoro babu gidan da Uwale dillaliya ba ta san ƙuryar ɗakin matansa ba. Tun tana goyon fari take yawo da ƙunshi a ka, atamfa da turare da kwanuka, har ga shi furfura ta fito. Surutu gare ta kamar rediyo, amma abu ɗaya ba a taɓa ji a bakinta ba, wato sunan matar da ta ba ta kayan ɗakinta ta sayar a ɓoye. Wannan riƙon amana shi ne jarinta.

Da wayoyi suka cika gari, mata suka koma zaɓen zane a hoto daga Maraɗi, ƙunshin Uwale ya fara komawa gida yadda ya fita. Ta yi ta zagin zamani, zamani ko a jikinsa. Ƙarshe dai ta sayi tata wayar, ta koyi ɗora hoto a statu, inda duk mai lambarta zai gani. Ciniki ya dawo har ya fi na da. Abokin faɗanta ɗaya ya rage, rezo, wato sabis ɗin waya, wanda a unguwarsu sai ya ga dama yake zuwa. Kullum sai ta tsine masa.

Wata Laraba Sharifa, matar Halidu mai gyaran babur, ta ja ta ɗaki ta damƙa mata sarƙar azurfa, aikin maƙeran Azagor, mai jan dutse a tsakiya. Uwar mijinta, Hajiya Aisata, ita ta cire ta daga wuyanta ta ba ta ranar sunan ɗan Sharifa na fari.

"Inna, rumbun babana ya ƙare a Kornaka," in ji Sharifa ƙasa-ƙasa. "Ba ni iya roƙon dangin miji. Don Allah kada kowa shi ji."

"Ɗiyata, yau kinka san ni?"

Uwale ta koma gida a gurguje, don ana jiran ta wurin buki. Hannu ya riga ya saba. Ta baje kayan ranar, ta ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya, har da sarƙar, ta danna su hau statu, ta jona wayar a caji ta fice.

A gidan buki tana tsakiyar cin shinkafa sai ga Hajiya Aisata a tabarmar kusa, ta ɗora tabarau a hanci tana shafa waya.

"Uwale, statunki nike nema," ta ce. "Bari in ga mi kinka kawo yau."

Uwale ta ajiye lomar da ke hannunta. Sai a lokacin ta tuna har da sarƙar a hotunan da ta ɗora. Sarƙar da ta zauna a wuyan tsohuwar nan tun tana amarya, ai ko a duhu za ta gane ta. A da kayan sirri ƙarƙashin mayafi suke tafiya, a nuna wa mai saye ɗaya can wata unguwa, yau kuwa ita da hannunta ta shanya shi gaban gari. Ta miƙe ko hannu ba ta wanke ba, ta ce cikinta ne ya murɗa.

Ba ta taɓa sanin Dakoro na da faɗi haka ba. Takalmi a hannu, yashi na riƙe mata ƙafa, tsoro da kunya sun cika ta, ba abin da take gani sai fuskar Sharifa.

Tana isa gida ta fizge wayar daga caji. Hotunan suna nan, kowane da ɗan agogo a gefensa yana jira. Ashe rezo bai leƙo unguwar ba tun hantsi, ko ɗaya bai fita ba. Da yatsa mai maiƙo ta goge na sarƙar, ta sake dubawa, sannan ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya hawaye na zuba. Numfashinta bai gama daidaita ba rezo ya dawo, sauran hotunan suka tafi abinsu.

Washegari sarƙa ta shiga ƙarƙashin mayafi, ta bi wata baƙuwa zuwa Sabon Maci, hatsi kuma ya isa Kornaka ba wanda ya ji. Tun daga ranar sabon kaya ne kaɗai ke hawa wayar Uwale. Abin da ya fito daga ɗakin mace, da ƙafa take kai shi.

Da suka haɗu a kasuwa Hajiya Aisata ta tare ta da mita.

"Rannan na duba na gaji, ban ga komi ba."

"Rezo ne, Hajiya," in ji Uwale. "Allah shi yi mashi albarka."