Dami Na Goma

Jiya muna ɗaurin gero a gonarmu ta Fakku, da na kai kan dami na goma sai hannuna ya tsaya. Ƙamshin sabuwar zangarniya ya tuno mini da Baffa, yayan mahaifina.

Dami na goma shi ne na zakka, kuma Baffa da kansa yake ɗaure shi. Sai ya danna da gwiwa har igiyar kaba ta yi ƙara, don kada na Allah ya kasa namu.

Shekarar da 'yan bindiga suka shigo mana bisa babura, sun kwashi gero son ransu, suka ce zakka suka karɓa. Da suka tafi na ce, "Baffa, shi ke nan, mun fidda ta bana."

Ya dube ni, gemunsa duk ƙaiƙayi. "Mi munka fidda? Ƙwace anka yi muna. Allah za mu yi ma ƙarya?"

Na ce in suka ji mun sake fitarwa za su ce mun raina su, su dawo. Ya ce su dawo. Da rana tsaka ya ɗora dami huɗu a kan jakuna, ya ratsa tsakiyar gari ya kai wa matan da aka kashe wa maza. Ina biye da shi ina ta waige-waige.

Ranar na ji haushinsa. Yau kuwa da shi nake taƙama ko'ina.

Allah Ya danna masa rahama yadda yake danna damin nan.