Sunan da Habsa Ta Faɗa wa Kumandan

Tsofaffin Filinge da furarta suka san Habsa. Ƙarƙashin gawon da ke fuskantar bariki take zama, ƙwarya a gabanta, masu jiran ganin kumandan suna sha suna sauraron a kira su. Amma kafin ta zama mai fura, ita ma ta taɓa zama a inuwar nan tana jira.

A nan Filinge, ƙasar Kurfai, aka haife ta. Aure ya kai ta gabas, wani ƙauye da Nasara suka sa cikin ƙasar Tawa sa'ad da suka yayyanka ƙasa. Can ta haifi ɗanta na fari, Lawali, can kuma mijinta ya rasu. Kamar kowace uwa ta gari a wancan zamani, ba ta taɓa kiran ɗan fari da sunansa ba. "Yaron can" take cewa. Ko wani Lawalin ne daban ya shigo gida, sai ta ce masa "mai sunan yaro".

Da Lawali ya girma sai ya bi fatake cin rani zuwa Jega, ƙasar Ingilishi. Wata shekara bayan girbi saƙo ya iso: raƙumi ya danne shi, ƙafa ta karye ta kumbura, yana kwance a zauren wani mai masauki, ba ya ci, innarsa kawai yake kira.

Akwai masu ƙetarewa ta daji ba da sanin kowa ba. Sai dai duk wanda ya ɓace haka, gudu ake cewa ya yi, a ci mutuncin maigari, a kwashe samarin gidan wanda ya ɓacen zuwa aikin hanya, ga shi Habsa tana da ƙannen Lawali. Dole sai da takardar wucewa, wadda ke ba mutum izini ya je ya dawo kafin shuka. Kumandan Tawa kuwa ya hana ta a shekarar, amma an ce na Filinge yana bayarwa. Ta ɗaura ɗan kayanta ta nufo gida.

A garin da aka binne cibiyarta, bariki ta ce baƙuwa ce, tunda ba nan ake ƙirga ta ba. Baƙo ba ya ganin kumandan sai ɗan gari ya tsaya masa, sannan a sa masa rana. Ƙanenta Magagi ya tsaya mata. Gardin da ke tsaron ƙofar bariki ya ce ta dawo bayan kasuwa. Bayan kasuwa aka ce kasuwa ta sama.

Ranar da aka kira ta, aka tare Magagi a waje. Ta tuɓe takalma ta durƙusa. Kumandan yana rubutu bai ɗago ba. Gefensa tafinta ne tsaye, Sahabi, shi ma ɗan Kurfai.

"Inna, ina za ki?" in ji Sahabi.

"Jega."

"Wajen wa?"

"Wajen yaro. Ba shi lafiya."

"Mi ne sunanshi?"

Habsa ta sunkuyar da kai. "Ga kawunshi nan waje, a tambaye shi."

"Kumandan ya ce daga bakinki yake so. Ya ce an sha kawo mishi mata na ƙarya, su karɓi takarda su ba wasu."

Ta buɗe baki, harshe ya ƙi. Sahabi ya yi wa Nasaran bayani da yarensu. Kumandan ya ɗago ya dube ta, ya faɗi wata gajeriyar magana, ya yi nuni da ƙofa.

"Mi ya ce?"

Sahabi ya sosa ƙeya. "Ya ce bai taɓa ganin uwar da ba ta san sunan ɗanta ba."

A waje Magagi ya riƙe baki. "Haba Yaya! Kin taka daga ƙasar Tawa har nan, suna guda ya kashe ki? Nasara ne fa, mi ya sani na kunya? Da kin faɗa, ai kamar kin faɗa wa garu."

"Garun nan da kunne, Magagi. Sahabi na tsaye, gardi na tsaye."

"To ki ɗauki gardin ya je ya yi miki jinya!"

Washegari kumandan ya hau doki ya tafi rangadi, ba wanda ya san ranar dawowarsa. Habsa ta koma gindin gawo. Don kada zaman ya cinye ta, sai ta soma dama fura tana kawowa. Wani falke da ya fito daga kudu ya tsaya sha, ta tambaye shi mai karayar nan na Jega. Ya ce ya bar shi da rai, amma ya daina kiran kowa.

Da kumandan ya dawo, Magagi ya bi Sahabi har gida yana roƙo, aka sake sa mata rana. Ta shiga ta durƙusa a wuri na dā. Ina za ki, wajen wa, duk ta amsa. Da aka zo kan suna, Sahabi ya aiki gardi ɗebo ruwa, shi kuma ya juya ya ba ta baya, yana kallon taga kamar wanda ya hango wani abu a waje.

"Inna, suna ba ya son tafinta," ya ce a hankali. "Ki faɗa mishi."

Habsa ta dubi ƙasa. Tun ranar da liman ya raɗa wa jaririn wannan suna take ɗauke da shi a ƙirji, bai taɓa haura maƙogwaronta ba.

"Lawali," ta ce.

Kumandan ya karkata kunne, ya yi nuni ta maimaita. Ta ɗaga murya. "Lawali!"

Ya rubuta, ya buga hatimi, ya miƙo takarda ba tare da ya dube ta ba.

A Jega ta iske yaron da rai, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Da ya gan ta ya fashe da kuka. Ita kuwa ta zauna bakin tabarma, ta kau da fuska, ta tambayi mai masauki, "Yaya mai jikin?" Sannan ta nemi turmi da gero. Kafin shuka ta dawo da shi bisa jaki. Ƙafar ta ɗinke a karkace, da ɗingishi ya yi sauran rayuwarsa.

Daga baya ta dawo Filinge da zama, ta ci gaba da furarta a gindin gawo har tsufa. In ta ga mace baƙuwa tana jiran rana, sai ta miƙa mata ludayi ta tambaya, "Wajen wa za ki?" In matar ta sunkuyar da kai ta ce wajen yaro, Habsa ta matso kusa ta ce, "To ki shirya bakinki tun nan, ɗiyata. Ciki sai an tambaye ki."

Lawali kan zo ranar kasuwa ya zauna kusa da ita, yana dogara sanda. Har ta bar duniya bai taɓa jin sunansa daga bakinta ba.