Almakashin Sufeto

Ranar da almakashi ya zamo daga aljihun Sufeto ya daki siminti, da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ka ji mutum: ya tara maƙwabta a shagonsa, ya tura ƙyaure, ya yi gyaran murya, ya miƙa yatsa ya nuna amininsa ya ce ga ɓarawon almakashinsa. Mai gyaran babur har da gyaɗa kai, wai dama shi ya daɗe bai yarda da shirun mutumin nan ba. Sufeto ya sunkuya zai nuna musu shaida a ƙarƙashin tebur, sai ji aka yi ƙwal!

Sufeto fa ba ɗan sanda ba ne, tela ne. Tun yana saurayi yake taka keken ɗinki a shagon nan, mutumin da ko kaza ta shigo sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta. 'Yarsa ce ta ja masa. Ta ga tun rasuwar mahaifiyarta ya zama sai tagumi, sai ta saka masa wasan bincike a waya. A nuna maka ɗakin da aka yi ɓarna, ka latsa nan ka latsa can kana tara alamu, ka titsiye mutane da tambayoyi, ƙarshe ka tara su ka nuna mai laifi. In ka yi kuskure, ka danna ka sake.

Abu kamar wasa, ƙaramar magana ta zama babba. Ka kawo ɗinki, kafin ya auna ka sai ya leƙo ta saman tabarau ya ce, “A babur ka zo, ba ka karya ba, kuma kun yi faɗa da matarka.” Tsiyar abin, wani lokaci yana dacewa. Nan sunan ya samo asali, shi kuwa har wani ƙara buɗe kafaɗa yake.

Wasan ya koya masa abu guda: wanda ya fi kowa kirki, shi ne mai laifi. To a layin nan wa ya kai Dogo mai guga kirki? Bango ɗaya ya raba shagunansu, wannan ya ɗinka, wancan ya goge. Lokacin jinyar marigayiya, Dogo ne ya riƙe shago biyu bai taɓa yin tsaki ba. Da almakashi ya ɓace, Sufeto ya ga ɗigon toka a teburin yanka, ya tuna Dogo kaɗai ke shigowa kansa tsaye, kuma ga shi ya fi kowa zaƙewa wajen taya nema. Shi ke nan, lissafi ya fita.

Da almakashin ya faɗo, Dogo bai yi faɗa ba. Ya duƙa ya ɗauki almakashin, ya goge da gefen rigarsa, ya ajiye a tebur.

“Ga kayanka, malam,” ya ce, ya fita.

Malam! Bakin da tun ƙuruciya bai san wani kira ba sai “kai mutumina”.

Daga ranar abinci ya daina wuce wa Sufeto. Ya buɗe wasan, da gangan ya nuna wanda bai ji ba bai gani ba, ya danna ya sake. Mutumin cikin waya ya dawo yana murmushi kamar ba a yi ba. Sufeto ya kife wayar. Ya leƙa ya ba da haƙuri, Dogo ya ce, “Ba komai, malam,” ko ɗago kai bai yi ba. Gara mari da irin wannan ba komai ɗin.

'Yarsa ta zo ta same shi ya zuba wa bango ido. “Baba, yana bayan bangon nan fa. Kallo ba zai huda shi ba.”

Washegari Sufeto bai buɗe shago ba. Ya je ya tsuguna gaban gawayin Dogo, ya ɗauki kwali yana fifita wuta. Haka ya yi ta zuwa, idanu jajur da hayaƙi, masu ɗinki suna cigiyarsa. Rannan Dogo yana goge wata farar riga, sai ya daka tsawa:

“Kai dalla matsa can! Ka cika min kaya da toka. Ƙaton banza, ko wuta ba ka iya ba!”

Tunda aka haifi Sufeto bai taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. Ya sa hannun riga ya share ido, wai hayaƙi ne.

Sai ga mai gyaran babur yana wucewa, baki har kunne. “Ranka ya daɗe Sufeto, yau kuma wa za a kama?”

Sufeto ya miƙa masa kwalin. “Wanda ya gyaɗa kai. Zo tsuguna, ni na gama nawa.”