Sawun Kawu Sale a Zaure

Kawu Sale dai kun san shi: takalmi rataye a wuya, ya taka har kasuwar Ɗanbatta da ƙafa tsura. Shi ne yau ɗansa, Yaya Habu, ke cewa sawunsa da ke cikin simintin zaure ya ɓata gida, wai a fasa a sa tayil! Ni Ladi ina raye? Wallahi ba a isa ba.

Ba wai bai ƙona mini rai ba. Tafin ƙafarsa a shimfiɗe yake kamar faifai, ba lanƙwasa ko kaɗan. Da gwiwa ta fara damunsa, ni na ja shi asibiti a Kano. Likita ya ce sai takalmi mai ɗan tudu a ciki.

"Tudu a cikin takalmi, Likita? In hau in hango wa?"

Akuyata guda na sayar na sayo. Bayan sati biyu na zo, na tarar ya ciro tudun robar ya cusa ƙarƙashin mangalar jaki.

"Kawu! Mene ne haka?"

"Shi ke ɗaukar taki, Ladi. Ni me nake ɗauka?"

"To takalmin fa, a wuya?"

"Ƙafa in ta tsage warkewa take yi. Shi fa?"

Ranar har kuka na yi don haushi.

Sai ranar da aka zuba wa zaure siminti. Magini ya gitta itace a ƙofa, ya ce kowa ya zagaya ta baya.

"In zagaya? A gidana?"

Ya tsallake ya taka, caɓ! Yaya Habu ya yi ta faɗa. Kawu ya duƙa ya duba, ya ce, "Kai, gode wa Allah. Da ƙafar wani ce, da ta bar maka tudu a tsakiya."

Gwiwar nan ta zaunar da shi shekara biyu, har ya rasu bai taɓa cewa na yi gaskiya ba. Har yau ina jin haushinsa.

Amma ko hoto bai yarda an ɗauke shi ba. Sawun nan kaɗai ya bar mana. Jiya na tuɓe takalmi na sa ƙafata a ciki, ta kwanta luf, don ni ma irin tasa gare ni. Yaya Habu, ka zagaya da tayil ɗinka ta baya.

Allah ya jiƙan Kawu, ya tabbatar da ƙafafun nan a kan Siraɗi.